A Koya wa Mutanenmu Yadda Ake Riƙe Zuciya

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da na daɗe ina ganin mun yi masa riƙon sakainar kashi a nan Bauchi da maƙwabtanmu, wato yadda mutum zai mallaki tunaninsa da zuciyarsa. Babu gidan da ba a cewa a yi haƙuri. Uwa tana faɗa wa 'yarta ranar da za a kai ta ɗakin miji, liman yana faɗa a kan mumbari, maƙwabci yana faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa ko wanda jarinsa ya karye. Umarnin daidai ne, amma kusan babu wanda yake zaunar da mutum ya nuna masa yadda ake yi, tun daga lokacin da ƙirji ya fara zafi har zuwa lokacin da harshe zai furta abin da ba ya janyuwa. Ra'ayina shi ne riƙe zuciya sana'a ce da ake koya da horo, kuma ba ta kankama ga mutumin da ya mayar da kansa abokin gabarsa.

Sakamakon wannan giɓi yana gabanmu kullum, kuma fuska biyu gare shi. Akwai waɗanda suke fashewa: magidancin da ya yanke igiyar aure a cikin fushin minti biyar sannan ya kwana yana yawon neman fatawa, da direban Keke Napep da ya kama wuyan ɗan'uwansa a bakin kasuwar Wunti saboda an goge masa fenti, da yaran da muke kira 'yan sara-suka, waɗanda sau da yawa kallo ɗaya ko baƙar magana ɗaya take kai su ga zare makami. Akwai kuma waɗanda suke haɗiyewa, kuma su ne suka fi yawa, su ne kuma muke yaba wa da cewa ba su da hayaniya. Suna dariya a majalisa, amma dare ya raba ba su runtsa ba, abinci ya fita ransu, wasunsu sai an auna su a asibiti ake ganin jini ya hau. Wasu matasan kuma sun samo wa kansu hanyar kashe tunanin baki ɗaya. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma a wannan shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. An rufe kwalba, amma damuwar da take tura yaro ga kwalbar tana nan, kuma tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ta ƙara mata nauyi.

Abu na farko da nake so mai karatu ya gane shi ne cewa kokawa da tunani ba ta korar sa. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Daniel Wegner ya umarci mutane da kada su yi tunanin wata farar dabba na ɗan lokaci, ya ce duk wanda ta faɗo masa a rai ya buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, kuma da aka sakar musu mara daga baya, sai tunanin dabbar ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hana su ba. Dalilin a fili yake: kafin zuciya ta tabbatar ba ta tuna abu ba, dole ta riƙa leƙa shi. Malamanmu na fiƙihu sun riga sun san wannan a babin waswasi. Mai yawan kokwanto a alwala ko salla ba a ce masa ya yi ta maimaitawa har ya gamsu, domin ba zai taɓa gamsuwa ba. Cewa ake yi ya yi watsi da kokwanton ya ci gaba da ibadarsa. Wannan hukunci ɗaya ya ƙunshi ilimi mai yawa game da zuciya, sai dai mun killace shi a wurin buta da darduma, ba mu fito da shi zuwa kasuwa da ɗakin aure ba.

Na biyu, abin da ya ɗarsu a zuciya ba shi ne mutum ba, kuma ba hukunci ne a kansa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya musu muddin ba su aikata ba ko ba su furta ba. Mutane da yawa ba su san faɗin wannan rahama ba, shi ya sa za ka ga bawan Allah yana azabtar da kansa saboda wani mummunan tunani da ya gifta masa, yana ganin ya zama munafuki ko mugu. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ya san yadda 'yan kamasho suke yi: wannan yana kiran Gombe, wancan Jos, wancan Kano, har wani ya kama maka jaka. Jin kiran ba laifi ba ne, hana su kira kuma ba ya yiwuwa, amma matafiyin da ya san inda za shi ba ya shiga mota don kawai an fi ɗaga murya a kanta. Haka tunani yake. Wani yana cewa an raina ka, wani yana cewa ba za ka taɓa fita daga bashi ba, wani yana tono maganar da aka faɗa maka shekara goma da suka wuce. Aikin mutum shi ne ya ji, ya gane cewa kira ne, sannan ya zaɓi wanda zai bi.

Wannan lura da abin da yake gudana a zuciya da jiki a daidai lokacin da yake gudana, ba tare da gaggawar yanke hukunci ba, ita ce likitocin zamani suka mayar da ita magani. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts domin masu fama da ciwo mai daɗewa da matsin rai, inda ake koya musu zama cikin natsuwa suna lura da numfashi da sassan jiki. Daga baya wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka haɗa wannan horo da dabarun gyaran tunani domin masu ciwon damuwa da yake tafiya yana dawowa, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage komawar ciwon, har hukumar da take tantance hanyoyin jinya a Ingila ta amince da shi. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba cewa Kabat-Zinn ya samo asalin dabararsa daga horon mabiya addinin Buda, ko da yake ya cire ta daga ibadarsu ya mayar da ita aikin asibiti, kuma na san wannan zai sa wasu su ɗaga gira. Amsata ita ce ba mu da buƙatar aron aƙidar kowa, domin gidanmu cike yake. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai tare, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali domin ranar da fushi ko tsoro zai taso. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a kan muraƙaba da muhasaba, wato tsaron zuciya da yi wa kai hisabi. Abin da binciken asibiti ya ƙara mana shi ne hujjar cewa horon yana da tasiri a jiki, kuma ana iya koyar da shi daki-daki ga kowa.

Fushi yana fara sauka a jiki kafin ya kai ga harshe. Bugun zuciya yana ƙaruwa, numfashi yana gajarta, haƙora suna cijewa, kuma a wannan hali sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamako yana rauni. Saboda haka ne shiryarwar Annabi a kan fushi ta zo ta hanyar jiki: wanda yake tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ya yi shiru, ya nemi tsari daga Shaiɗan. Duk waɗannan suna saya wa mutum 'yan daƙiƙu ne, kuma a cikin waɗannan daƙiƙun ake tsira ko a halaka. Likitoci sun tabbatar cewa jan numfashi a hankali, musamman tsawaita fitar da shi, yana sassauta bugun zuciya. Haka nan wani bincike da Matthew Lieberman ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya a 2007, inda aka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa ambaton sunan yanayin rai yana rage zafin aikin sashen da yake tayar da tsoro. Ke nan mutumin da ya ce a ransa, wannan fushi ne, ko wannan kishi ne, ko wannan kunya ce ta sake shiga, ya riga ya ja da baya taku ɗaya daga abin. Sau da yawa ma idan ya duba da kyau zai tarar abin da ya ɗauka fushi ne da matarsa, a gaskiya tsoron kuɗin haya ne da ya kwana da shi. 'Yan'uwanmu Kirista na Yelwa da Bogoro da Tafawa Ɓalewa su ma suna da koyarwar cewa kada rana ta faɗi mutum yana riƙe da fushinsa, don haka maganar ta shafe mu duka.

Sai dai ba a koyon wannan a tsakiyar rigima. Dole a yi horon tun ana lafiya, kuma Musulmi yana da dama sau biyar a yini wadda ba ta buƙatar ko kwabo. Alwalar da mutum ya yi yana jin sanyin ruwa a gaɓoɓinsa, da sallar da ya yi yana dawo da hankalinsa duk lokacin da ya tsere zuwa shago ko gona, da 'yan mintunan da ya zauna bayan Asuba yana zikiri kafin ya taɓa waya, duk horo ne na mayar da hankali inda aka so. Tserewar hankali ba gazawa ba ce, ɗabi'arsa ce. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2010 ya gano cewa hankalin mutane yana barin abin da suke yi kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacinsu. Dawo da shi ɗin, sau goma ko sau ɗari, shi ne aikin. Ina ganin babbar asarar da wayar hannu ta yi mana ita ce ta cinye ɗan shirun da yake tsakanin aiki da aiki, wanda a da mutum yake jin kansa a cikinsa.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi yi mana wuya, wato tausaya wa kai. Mu mutane ne masu tausayin baƙo da maraya da mara lafiya, amma idan muka juyo ga kanmu sai mu zama alƙalai marasa sassauci. Ɗalibin da bai samu makin JAMB ba yana ce wa kansa daƙiƙi, uwar da ɗanta ya lalace tana cewa ita ce ba ta iya tarbiyya ba, magidancin da ya kasa sayen ragon suna yana jin shi ba namiji ba ne. Waɗannan kalmomi ba daga sama suka faɗo ba. Muryoyin da aka yi mana tsawa da su ne a gida da makaranta, muka girma muka ci gaba da maimaita su bayan masu su sun daɗe da yin shiru. A matsayina na wanda ya yi aikin koyarwa, na ga yadda yaron da aka saba kira daƙiƙi yake daina ɗaga hannu a aji tun kafin ya daina fahimta.

Kristin Neff ta Jami'ar Texas, wadda ta fara auna wannan hali a kimiyyance a 2003, ta ce ya ƙunshi abu uku: mutum ya yi wa kansa magana da taushi lokacin da ya gaza, ya tuna cewa gazawa rabon kowane ɗan Adam ne ba nasa shi kaɗai ba, kuma ya dubi zafin da yake ji yadda yake, kada ya musanta shi, kada kuma ya zuzuta shi. Na tsakiyan nan kakanninmu sun gama shi da cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba; matsalarmu ita ce muna faɗar haka don yi wa wasu uzuri, amma ba ma yarda mu shiga cikin lissafin. Ma'auni mai sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa abin da zai ce wa amininsa da a ce shi ne ya faɗa cikin wannan hali. Ba zai ce masa banza ba, ba zai kuma ce masa babu komai ba. Zai ce masa abin ya yi zafi, Allah Ya kiyaye gaba, tashi mu ga yadda za a gyara.

Na san ƙorafin da dattawa za su yi, kuma ƙorafi ne mai nauyi: idan aka koya wa yaro sassauta wa kansa, ba zai zama malalaci mai neman uzuri ba? Abin da aka gani a bincike akasin haka ne. A 2012 Juliana Breines da Serena Chen na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ba ɗalibai jarrabawa mai tsananin wuya, kuma waɗanda aka tunatar da su cewa su sassauta wa kansu bayan sun gaza sun fi daɗewa suna karatu domin zagaye na biyu. Hankali ma yana karɓar haka, domin mutumin da ya san zai yi wa kansa kaca-kaca idan ya amsa laifi, zai gwammace ya ɓoye laifin ko ya ɗora wa wani, amma wanda ya san zai iya duban kuskurensa ba tare da ya rushe ba, shi ne yake iya cewa na yi ba daidai ba. Tuba ma a kan haka aka gina ta. Nadama sharaɗi ce, amma yanke ƙauna daga rahamar Allah haramun ne, kamar yadda aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana. Allah Ya rantse da rai mai zargin kanta, domin wannan zargin yana tayar da mutum ya gyara. Zargin da yake kwantar da mutum a ɗaki yana cewa shi ba zai taɓa shiryuwa ba, wannan aikin Shaiɗan ne ko da ya zo da rigar tsoron Allah. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda yana gallaza wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya ce masa ranka yana da hakki a kanka, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. Wannan sassauci kuwa bai sauke hakkin kowa ba: wanda ya ci amana sai ya mayar, wanda ya mari matarsa sai ya nemi gafararta ya kuma daina.

Ya kamata in ambaci mata a keɓe, domin su aka fi loda wa haƙuri. Mace takan shekara tana cin baƙin ciki, duk inda ta kai kuka a ce ta koma ta yi haƙuri, har ta kai ba ta iya bambance ladabi da ciwo. Mai jego da ta rasa barci da sha'awar jaririnta tana iya kasancewa cikin ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda sananne ne kuma yana da magani, amma sai a ce mata rashin godiya ne ko aljanu. Lura da zuciya a wurin irin wannan baiwar Allah ba yana nufin ta ƙara shiru ba. Yana nufin ta iya gane abin da yake damunta har ta faɗe shi a fili ga wanda zai taimaka.

Wannan ya kawo ni ga iyakar abin da nake kira gare shi. Natsuwa ba ta sauke farashin masara, ba ta biyan albashin da aka riƙe, kuma ba na so wani mai mulki ya fake da ita ya ce talaka ya je ya yi numfashi. Amfaninta shi ne mutum ya nemi hakkinsa da hankalinsa a jikinsa. Haka kuma ba ta maye gurbin likita. Wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci ba ya jin daɗin komai, ko yake jin muryoyi, ko tunanin kashe kansa yake zuwar masa, asibiti ya kamata a kai shi ba tare da jinkiri ba, tare da addu'a. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ga kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. 'Yan'uwanmu da rikici ya koro daga Borno da Yobe, waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, zaman shiru su kaɗai yana iya tayar musu da abin da ya wuce, don haka su sun fi buƙatar ƙwararre a kusa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, kuma ya rage ga jihohinmu su sa ta isa ƙananan asibitocin Ningi da Misau da Katagum, inda yawancin jama'a suke zuwa.

Roƙona ga limamanmu shi ne idan sun yi huɗuba a kan haɗiye fushi, su ƙara da bayanin yadda ake yi a aikace, su kuma faɗa wa mutane ƙarara cewa ciwon damuwa ba raunin imani ba ne. Malaman Islamiyya da na boko su ware 'yan mintuna a mako su koya wa yara sunayen abin da suke ji da yadda ake dakatawa kafin a mayar da martani, su kuma cire kalmar daƙiƙi daga bakinsu. Gidajen rediyonmu su haɗa likita da malamin addini a shiri guda, su amsa tambayoyin masu sauraro da Hausa da Fulatanci. Kai kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ka ware shafi ko da sau ɗaya ne a wata domin wannan fanni, inda masu karatu za su aiko da tambayoyinsu ba tare da an buga sunayensu ba, domin kunya ce take hana mafi yawansu magana.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Jahun, Bauchi.